Gidan miliyan 12 a bayan Panshekara: in ci bashi ko in ci gaba da haya?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ni ma'aikacin tarayya ne a nan Kano, shekarata 38, abin da ke shigowa hannuna a wata bayan an yanke komai N210,000 ne. Ina haya a Ɗorayi, ɗaki biyu da falo. Bara N550,000 na biya, bana mai gida ya aiko ɗansa da takarda wai N750,000, in ba zan iya ba akwai mai jira. Na tara miliyan 3 da rabi, kuɗin adashe da kasona na wata gonar gado da muka sayar. Wani dillali ya kai ni wani gida can bayan Panshekara, ɗaki uku da falo, banɗaki biyu, rijiya a tsakar gida, an yi filasta amma ba a sa tayil ba. Miliyan 13 suka sa, ya ce za su sallama a 12. Wani abokin aikina ya ce in nemi bashin NHF, asusun gidaje na ƙasa, tunda ana yanka min duk wata. Bankin da nake karɓar albashi su ma sun ce suna ba da bashin gida. Yayana kuma ya ce in manta da bashi, in sayi fuloti in riƙa ɗora bulo a hankali. Wanne ne hanya?

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Yayanka ya gama magana. Gidan da nake ciki da albashi na gina shi, ɗaki ɗaya na rufa na tare da iyalina, ko ƙyauren banɗaki babu, buhu muka rataya. Yau ɗaki shida ne. Ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce in biya.

Kabiru Akanta: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma lokacin da kuka yi gini farashin siminti yana jiran mutum. Yanzu ba ya jira. A 2023 ana sayen buhu wajen N5,000, kafin a kai tsakiyar 2024 ya haura N10,000. Wanda ke tara N70,000 a wata, abin da zai saya da ita bana ba zai saya baɗi ba.

Abban Sadiq, bari mu fara kashe maganar bankin albashinka, don ita ce mai sauƙin kashewa. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, to bankin kasuwanci ba zai ba ka bashi da araha ba. Mu ɗauka sun tausaya sun ce kashi 25. In ka ci miliyan 10 na shekara 20, duk wata za ka biya kusan N209,800. Albashinka ke nan gaba ɗaya, da ɗan canjin N200 na ruwan leda. Kuma a watan farko, cikin wannan kuɗin N208,300 ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai N1,500 ba. In ka gama shekara 20 ka biya sama da miliyan 50.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: in ruwa ya yi yawa haka, tsawaita shekaru ba ya rage maka komai. Wannan miliyan 10 ɗin a shekara 10 N227,500 ne a wata, a shekara 20 N209,800. Ka ƙara wa kanka shekara 10 na bauta don ragin N18,000. Kuma yawancinsu ruwan ba a tsaye yake ba, akwai layin da ke cewa suna iya sauya shi in kasuwa ta sauya.

Abban Sadiq: Innalillahi. Yarinyar da ke teburin ba ta yi min wannan lissafin ba, cewa kawai ta yi in kawo takardun albashi na wata shida.

Kabiru Akanta: Ba aikinta ba ne ta yi maka. Yanzu NHF. Asusun nan tun 1992 aka kafa shi, FMBN, bankin bashin gidaje na gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi, kashi 2.5 ake yanka a albashi. Ruwansa kashi 6 ne kuma a tsaye, har zuwa shekara 30, amma ba za a ba ka wa'adin da ya wuce ranar ritayarka ba. Kai shekara 22 ta rage maka ka kai 60. Miliyan 10 a shekara 22 zai kama kusan N68,300 a wata. Ƙa'idarsu biyan kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, naka N70,000 ne, ka shiga da ƙyar. Hayar da ake nema a wurinka yanzu in ka raba ta 12, N62,500 ce. Ka ga tazarar ba ta kai N6,000 ba, kuma haya za ta ƙaru baɗi, wannan ba zai ƙaru ba. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda ya ci bashi a kashi 6 a irin wannan yanayi, N68,000 ɗin da yake biya nan da shekara 10 ba ta fi kuɗin cefanen 'yan kwanaki ba.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Na ga ana ta lissafi, ba wanda ya tambayi ko halal ne. Kashi 25 riba ce, kashi 6 ma riba ce. Ƙarancinta bai canja sunanta ba. Ku koma ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa 279, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Ɗan'uwa, gidan da za ka yi sallah a ciki, ka tarbiyyantar da 'ya'ya a ciki, ka duba da me ka kafa shi.

Shamsu Kurna: Allah ya gafarta Malam, to kuɗin da ake yanka mana dole duk wata fa? Namu ne. Mu ne muka tara, mu ne za mu ranta. Kuma na ji majalisar fatawa ta Turai ta yi sassauci kan bashin gidan zama tun 1999.

Malam Nura: Ta yi, kuma malamai da yawa sun yi mata raddi a lokacin. Ko waɗanda suka yi fatawar sun ɗaure ta da sharuɗɗa: Musulmi ne a ƙasar da babu wata hanya, gidan zama ne ba na kasuwanci ba, kuma ba shi da wani. Kai kana Kano. Ga bankunan Musulunci nan: Jaiz na aiki tun 2012, TAJ ya zo 2019, Lotus ya biyo baya. Ba za ka ɗauko lalurar mutumin Landan ka yafa a Kurna ba. Kuɗinka da aka yanka kuwa haƙƙinka ne, in ka yi ritaya ka nema a mayar maka.

Shamsu Kurna: Malam na je na tambaya a irin waɗannan bankunan. Da aka buga min lissafi, abin da zan biya a wata ya ninka na NHF fiye da sau biyu, kuma shekarun kaɗan ne. Talaka ya ji da wanne?

Kabiru Akanta: Gaskiyar Shamsu ce ta fuskar tsada, gaskiyar Malam ce ta fuskar tsari. Bankin Musulunci a kasuwa ɗaya yake da sauran, masu ajiya a wurinsa suna son riba da za ta bi hauhawar farashi, don haka ba zai yi araha ba. Bambancin yana cikin ƙullin. A murabaha banki ne zai sayi gidan ya zama nasa, ya sayar maka da farashin da aka yanke tun ranar farko, ko ka yi jinkiri ba ya hayayyafa, tarar jinkiri ma ba ta shiga aljihun banki, sadaka ake yi da ita. A ijara kuwa haya kake biya, gidan ya koma naka a ƙarshe. Akwai kuma musharaka mai raguwa, ku haɗa kuɗi ku saya, kana sayen kason banki kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Kuma shi kansa FMBN, tun lokacin da Ahmed Dangiwa ke shugabancinsa kafin ya zama ministan gidaje a 2023, ya sanar da tsarin haya-zuwa-mallaka marar ruwa a kan ijara. Abban Sadiq ya shiga ofishinsu ya tambayi wannan da sunansa. Sai dai tsarin haya-zuwa-mallaka a kan gidajen da bankin ya sa kuɗi aka gina yake, ba gidan da dillali ya nuna maka a unguwa ba.

Malam Nura: To wannan ita ce maganar da ya kamata a fara da ita. Amma a karanta takardar, ba sunan kawai ba. In an rubuta ijara, sannan aka ce ko gidan ya rushe ba da laifinka ba sai ka ci gaba da biya, wannan bashi ne aka sa wa rawani. Mai gida shi ke ɗaukar asarar gidansa.

Barista Hauwa: Ina ta karantawa ina jira wani ya yi tambayar da ta fi duk waɗannan. Malam Abban Sadiq, wace takarda gidan yake da ita?

Abban Sadiq: Dillalin ya ce takardu lafiya lau, Barista.

Barista Hauwa: Ban taɓa jin dillalin da ya ce takardu ba lafiya ba. Ka gani da idonka? C of O ce, wato shaidar mallaka ta gwamnati, ko takardar ciniki mai hatimin mai unguwa? Awon gwamnati ne wurin ko awon igiya?

Ga dalilin tambayar. Ko NHF, ko bankin kasuwa, ko na Musulunci, ba wanda zai sa miliyan 10 a gidan da ba zai iya riƙe takardarsa jingina ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba ka sayarwa, ba ka jinginarwa sai da amincewar gwamna. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfani a gaban alƙali, amma banki ba zai iya yi mata rajistar jingina ba. Shi ya sa lissafin Malam Kabiru, duk kyansa, yawancin mutanenmu ba su taɓa cin moriyarsa ba. Gidan da albashinsu zai iya saya ba shi da takardar da banki ke so, mai takardar kuma yana unguwar da miliyan 12 ko fuloti ba za ta saya ba.

Alhaji Ado Dillali: Barista a yi mana adalci. Rabin Kano awon igiya ne, mutane na zaune lafiya shekara da shekaru. Kurna, Rimin Kebe, Ɗorayi, Gaida, wa ya ba su C of O? Kuma masu C of O ɗin ba mu ga an yi musu rusau a 2023 ba? Ni shekarata nawa a harkar nan, in mai unguwa ya sa hannu, maƙwabta huɗu suka shaida iyaka, magana ta ƙare.

Barista Hauwa: Alhaji ban ce kada a sayi awon igiya ba. Cewa na yi ba a cin bashin banki da shi. Wanda ke da kuɗinsa a hannu ya bincika ya saya, daga baya ya nemi a daidaita masa takarda. Shi wannan bawan Allah miliyan 3 da rabi gare shi.

Shamsu Kurna: Ni na ci NHF ɗin, bari in faɗi yadda yake a ƙasa ba a takarda ba. Ba FMBN kake zuwa kai tsaye ba, sai ta wani bankin jingina mai lasisi, shi zai haɗa fayil ɗinka ya tura. Nawa ya haura shekara kafin kuɗi su fito. Yau a ce takardar biyan haraji ta shekara uku, gobe a ce rahoton mai kimanta gida ya tsufa a sake, jibi a ce wanda ke riƙe da fayil an yi masa canjin wurin aiki. Ni abin da ya cece ni gidan na rukunin gidaje ne da ƙungiyar ma'aikatanmu ta yi yarjejeniya da mai ginawa, shi ya san tsarin, ya jira. Mutumin unguwa da ya sa gidansa a kasuwa don aurar da 'ya ko biyan bashi ba zai jira ka wata uku ba. Ko ya jira, ranar da kuɗin suka fito zai ce gida ya zama 16.

Sannan ka ware kuɗin gefe. Nawa sun ci fiye da yadda na zata: kuɗin kimantawa, na lauya, na binciken fayil, na amincewar gwamna, harajin hatimi, rajista, inshorar gobara da ta rai. Ga la'adar su Alhaji Ado. Kada ka zuba miliyan 3 da rabin nan duka a kafin alƙalami ka zauna ba ko sisi.

Alhaji Ado Dillali: La'ada kashi 5 ce, ba mu ƙara ba tun zamanin iyayenmu. Komai ya tashi a ƙasar nan ban da mu.

Shamsu Kurna: Gidan ne ya tashi Alhaji, kashi 5 ɗin ta bi shi 😂 Kuma ku kan karɓa ta gaba ta baya.

Maman Ilham: Ni tambayata daban ce. Abban Sadiq, ina ne wurin aikinka, kuma yaran ina suke makaranta? Mu mun bar haya a Gyaɗi-Gyaɗi muka koma namu a bayan gari muna murna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita sahu na maigida da na yara uku ya kusa kamo hayar da muka gudu. Wuta sai a yi sati ba a gani ba, taransifoma ta lalace unguwa aka yi karo-karo. Cikin dare na fara naƙuda, mai mota ɗaya ne a layinmu kuma ya yi tafiya. Ban ce na yi nadama ba, gidanka gidanka ne, amma a sa wannan cikin lissafin. In za a yanke maka N68,000, ka ƙara N40,000 na zirga-zirga, me ya rage na abinci?

Abban Sadiq: Hajiya wajen Bompai nake aiki. Ina da babur. Yara biyu na firamare, sai an sauya musu makaranta.

Injiniya Bashir: Panshekara zuwa Bompai kullum a babur, ka ratsa gari gaba ɗaya. Ka gwada ranar Litinin da safe kafin ka yanke hukunci, ba ranar Lahadi da dillali ya kai ka ba.

Kuma kada ka sayi gida da rani. In dole ne, ga abin da za ka duba. Ka kalli gindin katangar waje da ta maƙwabta, in akwai layin danshi ko gishiri-gishiri fari da ya hau kamu biyu ko uku, ruwa na kwanciya a wurin. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, sama tsoho, alama ce. Ka leƙa rijiyar, in ruwan na kusa sosai, ka tambaya ina aka haƙa masai, nawa ne tsakaninsu. Ka sa ƙusa ka kankari bulo a inda ba filasta, kamar saman katanga ko cikin silin, in yana zuba kamar gari to an yi wa siminti rowa. Gidan da aka gina don sayarwa daban yake da wanda mutum ya gina don kansa. Ka hau silin ka ga katakon, ka ga ko an ɗaure shi da rodi ko ɗora shi kawai aka yi, iskar farkon damina ba ta wasa. Tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi gicciye, wadda ta fi faɗi a sama, ta tushe ce, filasta ba ta maganinta. Sai ka sami mai shayi ko mai kanti a layin, ba wanda dillali ya haɗa ka da shi ba, ka tambaye shi yadda unguwar take a watan Agusta.

Baba Ɗanlami: Injiniya ya faɗi gaskiya. Shi ya sa na ce ya gina nasa. Abin da ka sa da hannunka ka san shi.

Kabiru Akanta: Akwai wata ƙofa da ban ambata ba. Tun Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 na abin da ke ciki a matsayin kafin alƙalamin bashin gida. Sharaɗi ka yi wata 60 ana zuba maka, kuma ya zama saura fiye da shekara uku ka yi ritaya. Mata da miji in duk suna da asusu suna iya haɗawa. Kuɗin ba hannunka za su zo ba, wurin mai ba da bashin za a tura. Akwai kuma asusun bashin gidaje na MREIF na ma'aikatar kuɗi da aka fara a 2025, ruwansa ya sauko zuwa kashi 9.75, har shekara 20. Miliyan 10 a nan kusan N94,850 ne a wata, ya fi ƙarfin albashin Abban Sadiq, na faɗa ne don wasu.

Baba Ɗanlami: Fansho kuma? Yaro kada ka taɓa. Ku ba ku san ritaya ba. Ranar da albashi ya tsaya, hawan jini ya zo, za ka san amfanin abin da ka bari.

Kabiru Akanta: Baba, tsohon da ya yi ritaya yana gidan haya fa? Wanne ya fi ciwo?

Baba Ɗanlami: Duka biyun na gani. Na ga kuma wanda ya rasu da bashin gida, aka bar matar da takardu.

Shamsu Kurna: Wannan ita ce amfanin inshorar ran da ake sa ka biya Baba, in mutum ya rasu ita ke biyan ragowar. Amma a tabbatar ana sabunta ta, kuma iyali su san da ita. Ni na nuna wa matata inda takardar take.

Maman Ilham: Tunda an zo nan, bari in faɗa wa mata 'yan'uwana da ke karantawa ba sa magana. In kin sayar da sarƙarki ko kin kwashi adashenki kin zuba a ginin miji, a rubuta. Ko bashi ne, ko kaso ne, ko kyauta, a rubuta da shaidu. Ba rashin yarda ba ne. Ranar rabon gado ba mijinki za ki tarar ba, 'yan'uwansa za ki tarar, kuma tumunin da za a ba ki ku raba ke da abokiyar zama bai san kin sayi kwanon rufi ba.

Malam Nura: Hajiya ta yi daidai, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tana nan dab da ayoyin ribar da na ambata.

Abban Sadiq: Jama'a na dawo. Na matsa wa dillalin ya haɗa ni da masu gidan. Ashe wanda ya gina ya rasu, 'ya'yansa ne ke sayarwa. Babban ɗan ya nuna min takardar cinikin fili da mahaifinsu ya saya a hannun mai gona, da hatimin dagaci, sai wata takardar awo da aka zana da hannu. Ba C of O. Su tara ne, mata biyar, ɗaya tana aure a Zariya, biyu ƙanana ne. Ya ce duk sun yarda. Na kuma danna *219#, lambar duba asusun NHF, kamar yadda wani ya turo min ta gefe, na ga akwai watanni da yawa da aka yanka a albashina amma ba su bayyana a asusun ba.

Barista Hauwa: To ka ga. Bashin NHF a kan wannan gidan babu shi, sai an yi masa takarda, kuma magada tara ba za su zauna jiran wannan ba. Ko da kuɗi a hannu ka zo, "duk sun yarda" a bakin babban wa ba hujja ba ce. Ana son takardar kotun da ta raba gadon ko ta ba da izinin sayarwa, musamman da yake akwai marayu ƙanana, sannan kowane baligi ya sa hannu da kansa, har ta Zariyan, har matar mamacin. Shari'o'in da suka fi yawa a teburina irin wannan ne, bayan shekara bakwai ƙanwa ta zo da mijinta ta ce ba ta sani ba.

Watannin da suka ɓata kuwa, ka rubuta wa sashen albashi na wurin aikinku, ka haɗa da takardun albashin watannin, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ka gyara wannan yanzu ko ba za ka ci bashi ba, don da shi za a lissafa abin da za a mayar maka.

Abban Sadiq: Wallahi jikina ya yi sanyi. Har matata ta zaɓi ɗakinta.

Injiniya Bashir: Kada ya yi sanyi. Ga yadda zan yi in ni ne. Ka biya hayar bana, ka roƙi mai gida ya karɓa kashi biyu. Da abin da ya rage ka nemi fuloti, ko 40 a 50 ne, ta ɓangaren da ya fi kusa da aikinka, wajen Jaba ko hanyar Haɗeja ko Gezawa, ba kudu da gari ba. Kafin ka biya ka kai lambar wurin KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a duba, ka tabbatar a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba hanya ko magudanar ruwa aka tsara ta bi ta kai ba. Ka fara neman takarda tun ranar da ka saya, kana yin katanga da tushe a hankali. In takarda ta fito da zanen gini da aka amince da shi, FMBN na da bashin gini na mutum ɗaya a kan filinsa. Lokacin sai ka zauna da Malam Nura da Kabiru ku ga ko akwai marar ruwa, kuma abin da za ka nema ya ragu, wataƙila na rufi da ƙarasawa kawai.

Baba Ɗanlami: Wato dai an dawo maganar yayansa.

Kabiru Akanta: An dawo rabinta Baba. Bambancin shi ne takarda. Kuma ni har yanzu ina cewa ya tambayi ƙungiyar ma'aikatansu ko suna da rukunin gidaje irin na Shamsu, don N62,500 na haya da kuɗin bulo a lokaci guda a albashin N210,000 ba ƙaramin abu ba ne. In ya sami gida mai takarda da za a yanka N68,000 ya tare, ya fi masa shekara shida yana biyan biyu.

Shamsu Kurna: In za ka bi ta rukunin gidaje, ka je ka ga ginin a tsaye. Kada ka biya kan hoton kwamfuta da allon sanarwa a bakin gona. Ka nemi ganin C of O ta filin gaba ɗaya, ka tambaya yaya za a fitar maka da taka daga ciki, kuma wa zai biya kuɗin.

Alhaji Ado Dillali: Abban Sadiq ina da fulotai biyu a hanyar Gezawa, awon gwamnati, mai su na neman kuɗin Umara. Ka yi min magana ta gefe.

Admin: Alhaji Ado, dokar gida ta hana talla. Wannan karo na bar shi, na gaba zan goge.

Barista Hauwa: Ka je ka gani, ba laifi. Amma lambar fayil za ka fara karɓa kafin ka hau babur, kuma kai za ka kai ta a duba, ba Alhaji ba.

Alhaji Ado Dillali: Barista ko ke za ki kai ma na yarda. Kashi 5 ɗina dai na nan.